Daren da Na Ɗauki Haladu a Bidiyo

Ni ne na yi laifi. Gara in faɗa tun farko, kafin in shiga zancen jirgi da shinkafar Larabawa, don na san halin bakina: in na fara ba da labari, kafin a kai ƙarshe na mai da kaina gwani.

Tun da na dawo daga Riyadh, abokaina na majalisar bakin gareji a Tudun Wadan Zariya ba su bar ni na huta ba. Kullum tambayar ke nan: "Sani, wai da gaske akwai mashaya a Saudiyya? Wurin nan da muka gan ka a bidiyo fa?" Na daɗe ina ba su amsa ina dariya, ina ƙara gishiri. Yanzu zan faɗi yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Sana'ata walda. Wani ejan a Kano ne ya samo mini aiki a wani kamfani mai ƙera rumfunan ƙarfe. Ana cikin neman biza wani ya jefa ni a guruf ɗin Hausawa mazauna Riyadh a waya. Akwai likitoci a ciki, akwai direbobi da leburori, kowa da abin da ya dame shi. Na yi sallama na ce ni sabo ne, ina hanya. Mutum ɗaya ne ya biyo ni ta gefe, sunansa Haladu, mutumin Kazaure. Ba ya rubutu, sai saƙon murya, kuma babu hotonsa a kan lambarsa.

"Ƙanena," in ji shi, "ka zo da yaji da kuka da daddawa. Goro kuwa ko ƙwaya ɗaya kar ka sa a jaka. Duk wanda ya ba ka saƙo a filin jirgi, ko da ya yi kama da kakarka, ka ce a'a. Sannan ka nemi rigar sanyi. Kowa zafin ƙasar nan zai gaya maka, ba mai gaya maka sanyinta."

Haka ya yi ta yi mini har ranar da na tashi. Ban taɓa ganinsa ba, amma matata har ta san muryarsa. In ta ji sai ta ce, "Yayan naka ne?"

Daga Zariya na hau mota zuwa Kano, na kwana gidan wani ɗan'uwanmu a Kurna, washegari aka raka ni filin jirgi. Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya ɗaga sai da na damƙe hannun mutumin da ke kusa da ni, wani Bayarabe, shi kuma bai ƙwace ba, Allah ya saka masa. Muka sauka Addis Ababa don canjin jirgi, nan na yi wautar farko. Na hangi jama'armu, mata da mayafai iri ɗaya, ana ta Hausa, na ce to ga 'yan tafiya, na shiga layinsu. Sai da na kai bakin ƙofa ma'aikaciyar ta duba takardata ta girgiza kai. Ashe 'yan Umara ne, Jidda za su. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, Riyadh kuma? Me ka jefar a can?" Na cire takalmi na riƙe a hannu, na kwasa da gudu ina neman ƙofata.

A filin jirgin Riyadh kuma yatsuna ne suka ƙi. Ana ɗora su a kan wani gilashi ya ɗauki zanensu, to mai walda ina ya ga zanen yatsa? Wuta da ƙarfe sun shafe nawa tuntuni. Jami'in ya ce in sake, na sake. Ya ba ni wani mai na shafa, na sake. Layi ya tsaya a bayana, ana ta tsaki da harsuna iri-iri. Da ƙyar na'urar ta karɓa, ya buga hatimi ya ce "Yalla", wato in wuce, ko kallona bai yi ba.

Motar kamfani ta kai ni Sulay. In an ce Riyadh ku dogayen benaye masu walƙiya kuke tunawa. Akwai su, na hango su daga nesa ta gilashin mota. Sulay kuwa ɗakunan ajiyar kaya ne da garejoji da manyan motoci, sai gidajen ma'aikata. Ɗakinmu gadaje ne masu hawa biyu, ni da 'yan Bangladesh da wani Basudane. Aka ba ni gadon sama, daidai bakin esi mai huro sanyi, na kwana a cikin rigar sanyin da Haladu ya sa na saya. Bayan ɗan lokaci aka yi mini iƙama, wato katin zama. Ba a fita ko shagon bakin titi ba tare da ita ba, kuma a jikinta akwai sunan kafili, mutumin da ya ɗauko ka, wanda zamanka a ƙasar yake hannunsa.

Abinci da safe wake ne da aka dama da wata faffaɗar gurasa mai zafi, da rana kabsa, shinkafa da kaza, da dare ma kabsa. Ba laifi, sai dai ba yaji. Ranar da na ba Basudanen nan yajina ya barbaɗa kamar gishiri, sai da ya yi hawaye ya ce mu 'yan Najeriya ba mu da imani. Abin da ya burge ni, ba sa zubar da gurasa a shara, sai su ƙulle ragowar a leda su rataye a jikin bango. Za ka ga kuma an girka na'urar ruwan sanyi a ƙofar gida don masu wucewa. Amma masu wucewar ne babu. Kowa yana cikin mota, gilashi a rufe. A gida ina walda a bakin titi, kafin in haɗa ƙofa ɗaya na gaisa da rabin unguwa. A can sai in wuni ba wanda ya tambaye ni ya gida.

Shi ya sa guruf ɗin nan ya zame mini majalisa. Da na hau gado sai in buɗe in ji ana musun ƙwallo, ana cigiyar aiki, ana sanar da rasuwa. Sannan ga wani hali da na ɗauka, wanda shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Na fara tsayawa jikin motar manaja ina ɗaukar hoto ina ɗorawa a shafina. Ban taɓa ɗora ɗakinmu ba. Ina so a ce a Zariya Sani ya haye.

Wata rana shugaban guruf ɗin, wanda kowa ke kira Injiniya, ya sanar cewa za a haɗu daren Alhamis bayan Isha'i, a ga juna ido da ido. Na yi wanka na sa shaddar da na zo da ita. Wanda ya zo ɗaukata Ɗanliti ne, direban gida a unguwar ofisoshin jakadanci, mai barkwancin guruf. Ya leƙo ta taga ya ƙare mini kallo.

"Kai ne Sani mai walda? Wallahi yadda kake cika baki a guruf na ɗauka ƙato ne. Ashe tsinken tsire ne. Shigo, kar iska ta ɗauke ka."

Wurin yana can wajen unguwar Suwaidi. Ga amsar tambayarku: gidan shan shisha da gahawa ne, amma an ƙawata shi kamar mashayar da ake gani a finafinan Turawa. Dogon kanta, kujeru masu dogayen ƙafafu, jajayen fitilu marasa haske, kwalabe jere a bango, ga ƙaton talabijin ana ƙwallo. Abin da ke cikin kwalaben lemon sha'ir ne, sai ruwan tuffa da ake haɗawa da ruwa mai gas da na'ana'a a kawo a tulun gilashi yana kumfa. Giya babu, ko ɗigo. Na san haka tun a daren, don har na tambayi mai kawowa.

An haɗa mana tebura a can ciki. Abin mamaki ne ka ga fuskokin muryoyin da ka saba da su. Wanda ya fi kowa zagi a musun ƙwallo ashe wani salihin mutum ne mai gilashi, ko ɗaga ido ba ya yi. Ina cikin gaisawa na ji an ce daga kusurwa, "Ƙanena, ka iso?"

Muryar na gane. Na ɗauka zan ga babban mutum mai tumbi. Sai ga wani siriri mai furfura a gemu, fatar hannunsa duk ta yi fari ta tsattsage. Ya zauna inda yake ganin ƙofa. Daga wurin aiki ya zo, yana sanye da shuɗiyar rigar wani gidan wankin mota, da sunan wurin a ƙirji. Ya rungume ni, ya tambayi matata da sunanta, ya tambaya ko yajin ya ƙare.

Kafin a kawo komai Injiniya ya buga tebur.

"Jama'a, doka ɗaya ce, kun san ta. Kowa ya kife wayarsa a kan tebur. Ba hoto, ba bidiyo. Wanda ya san dalili ya sani, wanda bai sani ba ya yi mana haƙuri."

Kowa ya kife. Na raɗa wa Ɗanliti, "Me ya sa?"

"Uwargida ce," in ji shi. "In ta ga Injiniya da bututun shisha a baki, kashinsa ya bushe."

Aka yi dariya, aka shiga hira. Aka kawo gasasshen nama da gurasa. Ana ta tsokanar Haladu ana ce masa Sarkin Kumfa, shi kuma yana cewa ai gara shi, motocin da Ɗanliti ke taƙama da su sai sun zo gabansa sun yi wanka. Rabona da dariya irin ta daren nan tun a gida. Amma hankalina yana kan fitilun nan da kwalaben nan. Ina ta raya wa raina, ina ma 'yan majalisa su gan ni a nan.

Na ce zan zaga bayi, na zare wayata. Da na dawo sai na tsaya jikin kanta, na ɗauki kofi mai kumfa, na kunna bidiyo. Na nuna kwalabe, na nuna fuskata, sannan na juya kan teburinmu ina cewa, "Ga mu nan a Riyadh, ana shan daɗi. Ga babban yayana Haladu, sarkin wankin motar Suwaidi." Ya ɗago, ya gan ni, ya sa hannu ya rufe fuska, amma ya makara.

Bai tona mini asiri a gaban mutane ba. Ya taso a hankali ya ja ni waje, muka tsaya a bayan motoci.

"Ƙanena, ka san hurub?"

Na ce ina dai ji ana faɗa.

"Kafilina aikin tuƙi ya ɗauko ni. Da na iso sai ya kai ni cikin rairayi kiwon tumaki, ni kaɗai, daga tanti sai jarkar ruwa. Na yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, na gudo. Shi kuma ya kai rahoto cewa na tsere masa. Shi ne hurub. Tun daga ranar iƙamata ta mutu. Ba ni da damar zuwa asibiti, in na hango motar 'yan sanda sai in canja titi. Ina ƙasar nan shekara da shekaru, ban taɓa ganin Ka'aba ba, don akwai shingen bincike a hanya. Yanzu Injiniya ya taimaka mun kai ƙara ofishin ƙwadago, ana duba maganar, kuma akwai alamar nasara. Abu ɗaya aka ja mini kunne a kai: kar a samu shaidar ina yi wa wani aiki. To dubi rigar da ke jikina."

Na duba.

"Goge shi, don girman Allah."

Na danna na goge a gabansa. Amma wayata tana ajiye abin da aka goge a wani wuri na ɗan lokaci, kuma ina sane da haka sa'ad da nake ce masa, "Shi ke nan yaya, ya tafi." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka," muka koma ciki.

Ba zan ce Shaiɗan ba ne, don na gaji da ɗora masa kayana. Washegari Juma'a ba aiki, ina kwance a gadon sama na dawo da bidiyon na kalla. Na yi kyau a ciki. Shaddar ta ɗauki haske. Na ce a raina, wa ke bin shafina in ba 'yan Tudun Wada ba? Ina Zariya ina wani Balarabe mai tumaki? Na ɗora, na rubuta a ƙasa, "Mashayar Riyadh."

Kafin a sauko daga masallaci wayata ta fara zafi. Mutanen da ban sani ba suna ta yaɗawa. Wasu na tsine mana, wai mun je ƙasa mai tsarki muna shan giya, wasu na cewa a ba su adireshi. Ni kuwa ina kwance ina jin daɗin yawan masu kallo. Da yamma Injiniya ya kira.

"Sani, me ka yi?"

Na ce ba ni ba ne, wani ɗan ɗakinmu ne ya ɗauki wayata. Ya ce, "Sauke shi yanzu." Na sauke, amma an riga an kwafe, yana yawo a shafukan da ba ni da iko da su. Haladu bai kira ni ba. Ni ma ban kira shi ba. Na ga lambarsa, na kasa.

Ba a daɗe ba Ɗanliti ya turo saƙon murya a guruf, babu wasa a cikinta. Ya ce an je gidan wankin motar an tafi da Haladu. Ashe akwai wani Bahaushe da ke aiki a gidan tsohon kafilin, shi ya ga bidiyon ya nuna wa maigidansa. Ga fuska, ga suna, ga unguwa, ga sunan wurin aiki a ƙirji, duk ni na haɗa musu. Ƙarar da aka kai ta mutu a nan. Aka kai shi gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ba wanda ya zage ni a guruf. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Injiniya ya turo mini cewa, "Ba zan ce maka Allah ya isa ba, don ba ni ka zalunta ba." Daga nan aka cire ni.

Na ƙarasa kwantiragina a Sulay ba majalisa, ba mai ce mini ƙanena. Kafin in taho na je Umara. Na tsaya gaban Ka'aba na ɗaga hannu, abin da ya zo mini kawai shi ne mutumin da ya yi shekaru yana son tsayawa a nan. Na sani tun muna makarantar allo cewa hakkin mutum sai shi ya yafe. Duk da haka da na dawo gida kuka tare ni da zancen mashaya, sai na biye muku, na yi ta ba ku labari. Kun ga irin mutumin da kuke zama da shi.

Matata ce ta tambaye ni wata rana, "Wai ina yayan nan naka? Na daina jin muryarsa." Na gaya mata komai. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe na tarar ta goge mini kayan tafiya ta ajiye a bakin gado.

Na roƙi Ɗanliti ya ba ni kwatancen inda Haladu yake, ya ba ni ba tare da ya amsa gaisuwata ba. Na hau mota zuwa Kano, na canja zuwa Kazaure. Na sami Haladu a bakin dam yana wanke babura. Ya ƙara ramewa, yana tari. Na yi sallama daga bayansa, bai juyo ba ya ce, "Sani mai walda."

Ya ɗauraye hannu, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna. Tsarewar da aka yi mini ta wuce. Da rigar nan da silifa na sauka Kano, wannan ma ya wuce. Ka san abin da bai wuce ba? Bidiyonka ya riga ni isowa garin nan. Kowa ya gani. An ce a mashaya aka kama ni, giya ce ta sa aka koro ni. Na rantse har na gaji. A da ni nake jan salla a masallacin unguwarmu in liman ba ya nan, yanzu in na shiga sahu sai na kusa da ni ya matsa. 'Yata ta daina zuwa Islamiyya saboda gori. Babana tun da na dawo bai ci abinci tare da ni ba."

Ya yi tari, ya tofar.

"Don haka in magana ka zo da ita, ba a bakin ruwa za ka faɗe ta ba."

Muka tafi unguwarsu. Aka yi La'asar. Da aka sallame Haladu ya yi wa liman raɗa, liman ya ce jama'a su ɗan dakata, baƙo na da magana. Haladu ya nuna mini wani tsoho a sahun gaba, mai farin rawani, ya ce babansa ke nan. Na miƙe. Wasu samari a baya sun gane ni, na ji ɗaya ya ce, "Ai shi ne na bidiyon."

Na ce, "Ni ne. Sunana Sani, daga Zariya. Ni na ɗauki bidiyon nan, ni na rubuta mashaya a ƙasansa, kuma ƙarya na yi. Wallahi babu giya a wurin, ruwan tuffa ne da lemo, ko shisha Haladu bai taɓa ba. An hana ɗaukar hoto, na ɗauka. Ya gaya mini halin da yake ciki, ya roƙe ni da girman Allah in goge, na ce na goge, alhali ban goge ba. Na ɗora ne don a ce na haye. Shi ya sa aka kama shi, ba don ya aikata wani abin kunya ba. Baba, ɗanka bai zubar maka da mutunci ba, ni na zubar. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ƙaninsa tun bai san fuskata ba, da abin da na saka masa ke nan. Yaya Haladu, ba ni da abin da zan mayar maka da shi, kuma ba ni da hujja ko ɗaya. Na cuce ka. Ka yafe mini don Allah, in kuma ba za ka iya ba, ban ga laifinka ba."